Shekarar da Wakenmu Ya Bi ta Alƙahira

Ran nan a rumfar mai shayi na ji ku kuna lissafi. Ɗayanku ya latsa waya, ta gaya masa cewa daga filin jirgin Kano zuwa na Landan awa shida ne da ɗan wani abu. Sai ya ce ai ke nan aika kayan lambu Turai ya fi kai shi Legas sauƙi, tunda motar Legas kwana take yi a hanya. Kowa ya gyaɗa kai. Ban tanka ba a lokacin, amma yau ku gyara zama. Kun san ni da Baba Haladu mai lambun albasa. Kafin albasa, shekarun ƙarfina duka a kan ɗaurin kayan jirgin sama na ƙarar da su, a nan gefen dam ɗin Watari.

Wayar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai awa shidan nan na jirgi ne, ba na kaya ba. Tafiyar kaya tana farawa ne tun daga lokacin da aka raba shi da uwarsa a gona, kuma ba ta ƙarewa sai mai saye ya buɗe kwali a can. Duk abin da ya same shi a tsakani, a kan mai ɗauri yake.

Aikin farko da aka ba ni zaɓe ne. Lokacin dam bai daɗe da fara ba da ruwa ba, wani ɗan kasuwa daga Kano, Alhaji Mamuda, ya zo da irin koren wake, wanda ake ci da ɓawonsa tun yana ɗanye. Ya raba wa manoma, ya ce su shuka a rani, shi zai riƙa saye yana aikawa Ingila. Ya kafa rumfa a bakin hanya, ya damƙa ta a hannun wata dattijuwa, Inna Saratu. Mutanen unguwarsu Maguzawa ne tun asali, daga baya suka shiga addinin Kirista, ita kuwa ta daɗe tana aiki a lambun wani asibitin mishan, a nan ta san kayan cin Turawa. Ranar da na je neman aiki ta zube mini kwando guda a tabarma, ta ce in fitar da masu kyau. Na fitar. Ta ɗauki ɗaya daga cikin nawa ta lanƙwasa shi kusa da kunnena.

"Me ka ji?"

Na ce, "Ban ji komai ba, Inna."

"To wannan ya gaji tun bai hau mota ba." Ta ɗauki wani ta karya, ya ce ƙas. "Wannan ne matafiyi. Irinsa za ka nemo mini."

A kan tabarmar nan na ƙare ranin farko, ba ta bar ni na taɓa kwali ba. Na koyi cewa waken tafiya kada ya wuce kaurin fensir, kada ƙwayarsa ta fara turo ɓawo, kada ya karkace. Ba a tsinkarsa da raɓa a jikinsa, sai hantsi ya ɗan busar da ganye, kuma ba a bari rana ta yi ƙarfi. Tsakanin nan ne kawai lokacinka. Ba a fizgarsa, da almakashi ake yankewa a bar masa ɗan ƙara, don ta wurin ciwon nan ruwan jikinsa ke fita. Kuɓewa kuwa da tsumma ake kama ta, saboda inda yatsa ya danna ba ka ganin komai a nan, sai ta sauka a Landan wurin ya yi baƙi. Duk ranar Litinin Inna Saratu sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta duba farce, har da magidanta masu gemu. Wanda nasa ya yi tsawo ta miƙa masa reza.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Akwai almakashi, da sikeli, da kwanduna marasa zurfi don kada na sama ya danne na ƙasa. Akwai kwali mai huji a gefe, wanda ake kawowa daga waje a ninke. Babba a cikinsu ita ce rumfar gawayi. Ɗaki ne da aka yi bangonsa da ragar waya riɓi biyu, aka cika tsakiya da gawayi, ana zuba masa ruwa daga sama. Iska in ta ratsa jiƙaƙƙen gawayin sai ta shigo da sanyi. Kayan da ya fito daga gona yana da zafi a cikinsa kamar jikin mai zazzaɓi, in ka rufe shi a kwali da zafin nan, ya dafa kansa. Sai ya kwanta a rumfar nan, ka tura hannu tsakiyar kwando ka ji ya huce, sannan a fara jerawa. Jerin ma ba zubawa ba ne. Kai da kai, wutsiya da wutsiya, ba a cusa ba, ba a bar fili ya yi ta gwaruwa ba. In ka girgiza kwali ka ji motsi, ka zazzage ka sake. Kuma wake ba ya kwana kusa da mangwaro ko ayaba, numfashinsu yana sa shi ya yi rawaya.

A shekarun daɗi aikin yana tafiya kamar sallah, kowane abu da lokacinsa. A tsinka da hantsi, ya huce zuwa azahar, a ɗaure, da la'asar a ɗora a mota a bi ta Bichi a shiga Kano. Jirgi ya kwashe, kafin gari ya waye yana Landan. Waken da aka yanke yau da hantsi, gobe warhaka yana kanti. Mai karɓa a can wani Ba'indiye ne mai rarraba wa kantuna. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san halinsa ta bakin Alhaji Mamuda kamar maƙwabcina. In ya sami karkatacce ɗaya a kwali sai ya ambata. In kaya ya yi kyau ba ya yabo, sai dai ya ce a ƙaro. Bayan 'yan shekaru ni nake raka mota zuwa filin jirgi, a nan na saba da Malam Isiyaku, ma'aikacin sashen kaya, mutum mai sanyin magana wanda ya san tashi da saukar kowane jirgi. Shi ya koya mini in riƙa tsayawa har sai na ga an shigar da kaya ciki, kada in yarda da "yanzu za a ɗauka".

Sai shekarar wahala ta zo. Ku ba a haife ku ba. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ana layin sabulu, ana layin madara, ana layin mai. Damina kuma ta yi gardama, gero bai cika ido ba, dawa ta ƙone a tsaye. Rumbuna da yawa a garin nan tun kafin sanyi ya shigo sun koma wurin kwanan kaji. Saboda haka da rani ya zo kowa ya faɗa wa wake, har waɗanda da can alkama suke yi. A kansa aka ɗora abincin gida.

Wake ya fara fure ke nan, Alhaji Mamuda ya iso rumfa da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya zauna a kan buhu, ya cire hula ya riƙe.

Ya ce, "Inna, jirginmu ya daina sauka Kano. Kamfanin ya ce ba ya iya fitar da kuɗinsa daga ƙasar nan, ya janye."

Ta ce, "Har yaushe?"

"Ba su faɗa ba. Kwalin ma da na yi oda an hana shigowa da shi."

Kafin la'asar labari ya gama gari. Manoma suka taru a bakin rumfa, a gabansu Malam Garba, wanda gonarsa ta fi ta kowa girma, kuma in ya yi magana ana bi. Mutumin kirki ne, amma ba ya ɓoye abin da ke cikinsa.

Ya ce, "Alhaji, kai ka kawo mana abin nan. In na kai shi kasuwar Bagwai, wa zai saya? Ko kyauta na bayar, awaki za a zuba wa. Ni ina da baki goma sha a gida. Ruwan dam ba jiranmu zai yi ba. In na nome shi yanzu na zuba masara, zan same ta kafin a rufe ruwa. In na tsaya, na rasa biyu."

Babu wanda ya ce ya yi kuskure, don gaskiya ya faɗa. Alhaji ya roƙi a ba shi lokaci. Aka yi ta ja, daga ƙarshe Malam Garba ya ce zai jira har Lahadin da ke bayan tsinkar farko. In ba a ji kaya ya isa lafiya ba, ran nan zai sa garma, kuma kowa ya san sauran za su bi shi.

Washegari muka tafi wurin Malam Isiyaku, ni da Alhaji. Ya saurare mu, sannan ya ce akwai hanya ɗaya, amma ba ya jin za mu so ta. Akwai jirgin da ke zuwa Alƙahira sau ɗaya a mako, daga can kuma akwai mai zuwa Landan. A bangon ofishinsa akwai taswirar duniya. Ya ciro zare daga aljihun tebur, ya dafa bakinsa a kan Kano ya miƙa shi sama zuwa Landan.

Ya ce, "Ga tsohuwar hanyarku, miƙaƙƙiya, ta kan hamada." Sai ya mayar da zaren gabas ya dafa Alƙahira, ya sake karyo shi yamma zuwa Landan. Zaren ya kusa ƙarewa a hannunsa. "Ga sabuwar. Kun ga ta ƙaru da kusan rabi. Awa huɗu da wani abu zuwa Masar, wajen biyar daga can zuwa Ingila."

Alhaji ya ce, "Wannan ai da sauƙi."

"Ba saman ne abin tsoro ba, Alhaji. A sama akwai sanyi. Ƙasa ce. Jirginmu yana sauka can da safe, na Landan kuwa sai washegari. Kayanku zai wuni ya kwana a filin da ba ku san kowa ba. Akwai ɗakin sanyi, amma ba zan yi muku alkawarin za a sa shi ciki ba. Ku ɗauka a fili za a ajiye shi."

Na tambaye shi yadda garin yake a wannan lokaci. Ya ce da rana akwai rana sosai, in ta faɗi kuma sanyi ya sauko. Na sa ya maimaita mini tafiyar daki-daki, daga inda kaya zai jira a Kano har inda za a sauke shi a Landan, na riƙe a kaina na kawo wa Inna Saratu.

Ta ji ni har na gama, tana tsefe bakin zaninta. Ta ce, "Sanyi, zafi, sanyi. Gumi zai yi. Gumin nan ne zai kashe shi, ba nisa ba." Sai ta juyo gare ni. "Haladu, kai ka san yadda tafiyar take, ni na san wake. Me zai hana mu kai shi Landan a nan tsakar gida, mu ga abin da zai yi?"

Gwajin nan shi ne aikin da na fi tunawa a duk sana'ata. Akwai wata gona a bakin ruwa da ta riga saura nuna, daga ita muka tsinko. Kwali kuwa na madara muka tara daga kantunan Kano, muka juya cikinsu waje, muka huda gefe da ƙarfen da aka gasa a wuta. Na sabulu mun ƙi shi, don wake yana ɗaukar wari. Muka ɗaura iri-iri. Wani yadda muka saba. Wani da leda a ciki. Wani da jiƙaƙƙen tsumma. Wani muka shimfiɗa masa farar takarda marar rubutu, ragowar da Alhaji ya samo a wata maɗaba'a, ƙasa da sama da tsakanin jeri. A cikin masu takardar ma muka raba, wasu huji kaɗan, wasu da yawa.

Motar Kano ita ce amalanken wani maƙwabcinmu, muka zagaya da su gari a kan gargada. Jirgi kuwa rumbun Malam Garba ne. Da ma ba komai a ciki, ya ce mu yi abin da muka ga dama da shi. Alhaji ya kawo ƙanƙara daga Kano a cikin ƙaiƙayi, muka jera a ƙasan rumbun, muka yi gado da kara a sama, muka ɗora kwalaye muka rufe. Da lokacin sauka a Masar ya yi muka fito da su muka ajiye a kan daɓen shanya, rana ta same su. Rabinsu muka lulluɓe da farin yadi, muka ɗaga shi da kara don iska ta wuce, rabi muka bari tsirara. Suka wuni suka kwana a nan. Mutane suna wucewa suna tambaya, mata suna leƙowa ta katanga. Wani tsoho ya tsaya ya ce, "Haladu, ina aka kai?" Na ce, "Muna Alƙahira, Baba." Ya ce, "To, a gaishe su."

Da safe muka mayar da su rumbu da sabuwar ƙanƙara, suka yi tafiyarsu ta biyu. Da muka fito da su Inna Saratu ta hana a buɗe. Ta ce ai Ba'indiyen ma ba a bakin jirgi yake tsaye ba, a ƙara musu wuni guda a inuwa.

Ranar buɗewa rumfa ta cika. Mai leda aka fara buɗewa, warin ya kori na kusa, ya yi yauƙi ya fara furfura. Mai jiƙaƙƙen tsumma ya yi tsatsa a jiki. Wanda muka ɗaura yadda muka saba ya yi laushi kamar igiya. Malam Garba yana tsaye yana kallo. Sai aka zo kan mai takarda, mai huji da yawa, wanda ya wuni a ƙarƙashin yadi. Takardar ta jiƙe ta yi laushi, ta shanye gumin duka. Inna Saratu ta zaro ɗaya daga tsakiya ta miƙa wa Malam Garba ta ce ya karya. Ya karya, ya yi ƙara har na baya suka ji.

Ya ce, "Na gani. Amma rumbuna ba jirgi ba ne. Lahadi tana nan yadda muka yi."

Ta ce, "Tana nan."

Daga gwajin muka ƙara abu biyu. Za a tsinki wake yana ɗan ƙarami fiye da yadda aka saba, don ƙarami ya fi jure tafiya. Kuma za a rage cikin kwali a bar wa iska hanya. Na je Kano sayen farin yadi, mai kanti ya ga yawan da nake aunawa ya ajiye almakashi ya ce, "Innalillahi. Mutum nawa ne suka rasu?" Na ce masa wake ne za shi Ingila. Bai yarda ba har na fita.

Ranar lodin gaske duk garin ya fito gona. Masu tsinka suka ninka, mata suka zauna zaɓe a tabarmi har bakin hanya, Inna Saratu tana bi tana duba hannu. Man da za mu sha kuwa tun farkon mako direba ya kwana a layi ya samo rabin tanki, ya ce zai kai mu Kano amma kada mu tambaye shi dawowa. A filin jirgi ni da Malam Isiyaku muka jera kwalayen da hannunmu a kan farantin ƙarfen da ake ɗora kayan jirgi, muka bar rata tsakaninsu, muka lulluɓe da yadin muka ɗinke shi da basilla ta yadda ba mai cire shi sai da gangan. Ya samo wani malamin makarantar Islamiyya a unguwarsu ya rubuta a jikin yadin da manyan baƙaƙen Larabci cewa kayan lambu ne, don Allah a sa a inuwa. Sannan ya je ya sami ɗaya daga ma'aikatan jirgin, Bamisire, ya yi masa bayani, ya haɗa shi da ƙullin kilishi. Na tsaya har na ga an rufe cikin jirgin. Ranar Alhamis ce.

Daga nan ba abin da ya rage sai jira. Na tare a shagon Alhaji Mamuda a Kano, kusa da wayar tarho. Bisa lissafin Malam Isiyaku, kaya zai isa Landan ran Asabar da rana. Asabar ta zo, Alhaji ya yi ta juya lamba, layi ya ƙi shiga. A lokacin kiran ƙasar waje sai an dace. Ya kira har yatsansa ya gaji, ya ba ni na ci gaba. Muka tashi ba labari.

Lahadi da hantsi wayar ta yi ƙara da kanta. Alhaji ya ɗauka, ya yi ta "yes, yes", ni ba na jin Turanci, fuskarsa nake karantawa, ita kuwa ba ta nuna komai ba. Ya ajiye, ya dube ni.

Ya ce, "Ya ce kwali biyu na gefe sun yi laushi."

Na ce, "Sauran fa?"

"Sauran ya sayar tun jiya. Ya ce kwalin ya yi muni, amma ƙananan nan sun fi masa waɗanda muke aikawa da. Ya ce mako mai zuwa a ninka." Sai a lokacin ya yi dariya. Ya jawo makullin babur ɗin ɗansa ya jefo mini. "Akwai mai a ciki. Kada ka tsaya gaisuwa a hanya."

Ban tsaya ba. Na bi ta unguwar su Inna Saratu tukuna, don a kan hanya take. Suna cikin coci ana waƙa. Na tsaya a bakin ƙofa na aika wata mata ta kira ta. Ta fito da sabon zani da ɗankwali, ta dube ni.

Na ce, "Inna, ya isa. An ce a ninka."

Ta ce, "Garba ya sani?"

"Daga nan can za ni."

Ta tattare zaninta ta hau bayan babur, ita da ko keke ba ta yarda ta hau. Tun daga nesa muka hango shanun huɗa a gonar Malam Garba, mutane sun tsaya a kan iyaka suna kallo, wasu da garmunansu a kafaɗa suna jiran ya yi nisa su je su fara nasu. Malam Garba ya jira har rana ta ɗaga, ya cika alkawarinsa, sannan ya sa garma. Kunya biyu ya kifar, yana juyo da shanun zai kama ta uku. Na yi ta danna oda. Ya tsaya.

Na faɗa masa a gaban kowa, yadda Alhaji ya faɗa mini, har da kwali biyun da suka yi laushi. Wurin ya ɗauki hamdala, masu garma suka sauke su ƙasa, wani ya ruga cikin gari yana faɗa. Malam Garba ya daɗe yana duban kunyoyin da ya kifar. Sannan ya sunkuya ya kwance shanun da kansa, ya ce da ni, "Gobe da wane lokaci ake tsinka?"

Inna Saratu kuwa ta shiga cikin huɗar da sabon zaninta, tana ɗaga itatuwan waken da garma ta tumɓuke, tana tsinke 'ya'yan tana tarawa a haɓar zani. Malam Garba ya ce, "Inna, waɗannan ma za su tafi?"

Ta ce, "Wanda ya sha ƙasa ba ya hawa jirgina." Ta juye masa su a cikin hularsa. "Waɗannan kai za ka ci."

Mun yi ta lodi ta Alƙahira duk mako har zafi ya shigo wake ya daina. Ba kowane zuwa ne ya yi kyau ba, akwai makon da jirgin ya makara muka yi asarar kusan rabi. Amma babu gidan da ya nome gonarsa, babu wanda ya sayar da shanunsa, kuma da dawar da aka sayo da kuɗin wannan waken aka shiga damina. Da jirgin kai tsaye ya dawo bayan wasu shekaru, ba mu bar takarda da farin yadi ba, har masu ɗauri daga wasu wurare suka riƙa zuwa suna kallon yadda muke yi. Inna Saratu, da ƙafa ta gaza, ni ta bar wa rumfar, na riƙe ta har kasuwar ta mutu gaba ɗaya.

Malam Garba kuwa ya kai hularsa gida a ranar, uwargidansa ta dafa masa da man gyaɗa da yaji. Da yamma ya fito dandali, jama'a suka tambaye shi yaya ya ji abincin Turawa. Ya ce ya cinye tas, tunda Inna ce ta sa shi. Sannan ya ce, "Amma ku ci gaba da aika musu. Mutanen da ke jiran wannan daga wata ƙasa suna cikin wahalar da ta fi tamu."